A Cikin Kan Ɓauna

Ranar da na isa jami'ar, kafin a nuna mini ɗakin da zan kwana, rami aka fara kai ni na gani.

Koci Warren, wanda ya ɗauko ni daga tashar mota, ya tsayar da motarsa a bakin wani shingen waya ya ce in sauko. Ga gajiyar jirgi, ga ta doguwar tafiyar bas, ban sa komai a cikina ba sai biskit, amma na sauko. A bayan shingen an yi wani haƙa mai faɗin unguwa guda, katafiloli suna ta kai-kawo a ciki. Ya ce nan za a gina sabon filin wasa wanda babu irinsa a duk jihar, kuma na zo a kan gaɓa. Na gyaɗa kai na ce madalla. A raina kuwa alƙibla nake nema, don ban yi la'asar ba.

Sunana Hamisu. A baskwatan wani gida a Nassarawa GRA aka haife ni, inda mahaifina Malam Sabo, mutumin Jigawa, yake yi wa wani Alhaji aikin kuku tun kafin ya auri mahaifiyata. A titunan unguwar na koyi gudu, bayan sallar asuba, lokacin da masu gadi ke naɗe tabarminsu a ƙarƙashin itatuwan maɗaci. Malamin motsa jikinmu na sakandare, Mista Yohanna, wani mutumin Zariya da ke zaune a Giginyu, shi ya ɗauki bidiyon wata gasa da na ci, ya yi ta aikawa ƙasashen waje har wata jami'a a tsakiyar Amurka ta amsa. Sharaɗin ba wuya: in yi musu gudun dogon zango, su kuma su ɗauki nauyin karatuna da cina da kwanana. Alhaji ya biya kuɗin jirgi, ya kuma tabbatar duk mai zuwa majalisarsa ya ji.

Garin da jami'ar take ƙarami ne, gonakin masara sun kewaye shi ta ko'ina har iyakar ganinka. Ba adaidaita, ba ɗan acaɓa, ba mai shayi. Wanda ba shi da mota a wurin, inda ƙafarsa ta tsaya nan duniyarsa ta tsaya. Mutanen ba su da mugunta. Za su yi maka murmushi su tambaye ka yaya kake, kafin ka buɗe baki sun yi nisa. Na yi makonni ina haɗiye sauran gaisuwata.

Abokin ɗakina wani ɗan Kenya ne, Kibet, wanda ya riga ni zuwa. Shi ya warware mini zancen ramin. Ya ce jami'o'in ƙasar rukuni-rukuni suke wasa, kamar yadda kulob-kulob ke da lig ɗinsu a gida. Akwai manyan rukunoni da ake nuna wasanninsu a duk ƙasar, gidajen talabijin suna zuba musu kuɗi. Akwai ƙanana irin namu, da ba mai kallo sai iyayen 'yan wasa. Shugabannin jami'armu sun ƙudura sai sun shiga wani babban rukuni, an kuma ce musu ba a gayyatar mai ƙaramin fili, shi ne suka ciyo bashi suka fara haƙa. Kuma ba don gudu ake ginin ba. Don ƙwallon Amurka ne, wadda ake rungumewa a ƙirji ana bangazar juna, ƙwallon ma siffar gwanda gare ta. Na tambaye shi mu fa, ina matsayinmu. Ya ce mu 'yan rakiya ne, in yi gudu in yi karatu, kada in sa filin a raina.

Shekarar farko sanyi da yunwa ne suka fi damuna. A hanyoyin gona muke atisaye, iska tana yankar fuska, dusar ƙanƙara tana shiga takalmi. A ɗakin cin abinci kuma tsoron naman alade ya sa na tsaya a kan ƙwai da burodi da farar shinkafa. Ni da na tashi a bakin murhun kuku, wanda ko sauran miyar Alhaji aka miƙo mana sai an lashe kwano, sai ga ni ina mafarkin daddawa.

Wata Juma'a na gano inda Musulmin garin ke salla, wani ɗaki a bayan shagon gyaran taya. Yawancinsu ma'aikatan wata babbar mayanka ce da ke bayan gari, 'yan Somaliya da Sudan. Bayan an idar na fito ban ga takalmina ɗaya ba, na ce da kaina, a fili, ina kuma takalmin nan ya shiga.

Sai na ji an ce daga bayana, “Ga shi can bayan ƙofa, ɗan samari.”

Da Hausa. Na juya na ga wani dattijo baƙi siriri da farar hula irin ta Sudan. Ban san lokacin da na riƙe hannunsa da hannu biyu ba. Muka tsaya a bakin ƙofa muka yi gaisuwa cikakkiya, ta gida, har da ina gajiya da yaya iyali da yaya sanyi, mutane suna ratsa mu suna wucewa.

Sunansa Malam Usman. Bai taɓa ganin Kano ba. Kakarsa ce ta tashi daga can da ƙafa ita da mijinta za su Makka, guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka tsaya noman auduga don su tara na ci gaba. Suka haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka haifi nasu, ba a je Makka ba, ba a koma gida ba. Shi kuma yaƙi ya kore shi zuwa Masar, daga can aka kawo shi Amurka ya zama mai fiɗa a mayanka. Hausarsa tsohuwa ce, da Larabci a cikinta, wasu kalmomin rabona da jin su tun a bakin kakata. Ran nan a gidansa na ci abinci. Matarsa ta yi tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Na ci har na ji kunya, sannan na ƙara.

A shekara ta biyu filin ya fito daga rami ya fara danne gari. Duk inda ka tsaya sai ka gan shi. Aka ƙara wa kowane ɗalibi wani kuɗi na musamman saboda shi, har wanda bai taɓa kallon wasa ba. Aka rage lokacin buɗe ɗakin karatu. Malaman da suka yi ritaya ba a ɗauki madadinsu ba, azuzuwa suka cika. Duk da haka garin ya kamu da zazzaɓin shiga babban rukuni, har a tagar shagon aski an manna hoton filin.

Daraktan wasanni, wani dogo mai fararen haƙora, ya tara mu 'yan wasa gaba ɗaya ya ce mu iyali ɗaya ne. Idan aka shiga babban rukuni kowa zai sha romo: masu gudu za su sami sabon fili, za a daina kwana a bas ana tafiya gasa, jirgi za a riƙa hawa. Wata yarinya mai ninƙaya ta ɗaga hannu ta ce ta ji ana raɗe-raɗin za a rushe wasu ƙungiyoyi don a samu na biyan bashi. Ya dafa ƙirjinsa ya ce ba dai yana kan kujerar ba.

A tsakanin nan agarata ta dama ta samu matsala. Tun ina ɗingishi ina ɓoyewa har wata safiya a hanyar gona na ji kamar an sare ni da adda a bayan ƙafa, na zube. Aka yi mini aiki, aka ce sai na yi watanni ban yi gudu ba. Da sanduna nake tafiya ranar da aka sake kiranmu taro, mu masu gudu maza da masu ninƙaya da masu kokawa. A sabon zauren da ke cikin filin aka zaunar da mu, kan kujerun fata da ba a gama cire musu leda ba, ga warin fenti. Daraktan ya shigo bai zauna ba. Ya ce ginin ya ci fiye da yadda aka zata, kuma babban rukuni yana son ganin an ƙara wa ƙwallo ƙarfi, don haka daga ƙarshen zango ƙungiyoyinmu sun rushe. Za a biya mana karatu zuwa ƙarshen shekara, wanda ya samu wata jami'ar kuma ba za a riƙe shi ba. Ya ce wannan ce rana mafi zafi a rayuwarsa, ya fita ta ƙofar baya.

Kafin mako ya zagayo wayar Kibet ta fara ruri, jami'o'i suna zawarcinsa. Ni ma an kira. Sai a tambayi lokacin da nake yi a gudu, murya ta yi daɗi, sai a tambayi ƙafa, murya ta canza, a ce za a neme ni. Koci Warren, wanda shi ma aikinsa ya tafi tare da namu, ya zauna a ofishinsa cikin kwalaye ya yi ta kiran abokansa saboda ni. Ba wanda ke son sayen doki mai ɗingishi. Ranar da zai bar garin ya kawo mini kekensa da wata rigar sanyi mai kauri, ya ce ya yi nadamar ɗauko ni daga nesa haka. Na ce masa ba laifinsa ba ne. Kibet ya tafi bayansa, ya bar mini tukunyar shayinsa.

Sai a lokacin na fahimci irin igiyar da ke wuyana. Izinin zamana a ƙasar yana rataye da karatu, karatu yana rataye da kuɗi, kuɗi kuma dokar ƙasar ta hana ɗalibi baƙo ya nema a wajen makaranta. A cikin makaranta ma 'yan awoyi aka yarda ka yi. In na tsaya ba kuɗi, sun kore ni. In na koma gida, na koma da rabin digiri da ƙafa ɗaya.

Na kira Baba. Yana kicin, ina jin ƙarar albasa a cikin mai. Na gaya masa komai ban rage ba. Ya tambaya ko ƙafar tana takuwa. Na ce tana takuwa.

Ya ce, “To Hamisu, ni ban yi boko ba. Amma na san ba a sauke tukunya abinci bai nuna ba. Ka zauna. Abin da Alhaji zai ce, da abin da mutane za su ce, ka bar mini wannan.”

Neman mafita ne ya kai ni hannun Bashir. A wani zauren hira na 'yan Najeriya a waya na same shi, yana cewa aikinsa sama wa 'yan wasa gurbi a jami'o'i. Da muka yi magana sai na ji Hausar Kano tsantsa. Ya ce shi ɗan Kaura Goje ne, ya san titinmu, har ya kwatanta mini mai tsiren da ke kwanar gidan Alhaji. Ya ce akwai kocin da ba ya tsoron mai rauni, in taho birninsu da kuɗin da na tara don cike-ciken takardu. Malam Usman ya ce shi hankalinsa bai kwanta ba, amma bai hana ni ba. Da aka yi hutu na hau bas, muka yi yini da kwana a hanya.

Bashir ya tarye ni da runguma, ya saya mini shinkafa da kaza, ya karɓi abin da na zo da shi. Ya ce kocin ya tafi hutu, kafin ya dawo in zauna a wurinsa. Wurin nasa wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa mai taga ɗaya a saitin ƙafafun masu wucewa, da katifu a shimfiɗe da wasu samari da ba sa son magana. Yana da filin sayar da tsofaffin motoci. Ya ce maimakon zaman banza in riƙa taya su wanki, zai riƙa ba ni na kashewa. Na wanke motoci har fatar hannuna ta yi fari ta tsage. Kullum koci yana dawowa mako mai zuwa.

Ranar da haƙurina ya ƙare na same shi a ofis yana cin abinci. Na ce ko ya haɗa ni da kocin yau, ko ya ba ni abina in tafi. Bai ɗaga murya ba. Ya goge hannunsa ya dube ni.

“Ɗan'uwa, kai ɗalibi ne ko? Ka kuma yi aiki a wajen makaranta, ga kyamara can ta ɗauka. In muka je gaban hukuma ni da kai, wa kake ganin za a fara sakawa a jirgi?”

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da harshen uwata ya faɗa mini.

Da gari ya waye na ɗauki jakata na taka zuwa tasha, na kira Malam Usman. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya tambayi sunan tashar, ya sa babbar 'yarsa ta saya mini tikiti ta waya, ya ce in na iso akwai tuwo.

A falonsa na ƙarasa hutun, don an rufe ɗakunan ɗalibai. A nan na ga abin da mayanka ta yi wa hannuwansa. Yatsun sun kumbura sun ƙage, ba ya iya dunƙule su, in zai yi alwala sai ya fara jiƙa su a ruwan ɗumi. Bai taɓa kuka da aikin ba. Burinsa 'yan matansa su yi karatu kada su riƙe wuƙa.

Wata mata a ofishin ɗalibai baƙi, Madam Ruth, ita ta tsaya mini. Ta bi ofis-ofis har ta samo mini tallafin da zai ɗauki wani kaso na karatun, ta kuma sama mini wankin tukwane a ɗakin cin abinci. Saura kaso mai yawa. Wata rana ta kira ni tana ta juya biro a hannu, ta ce akwai wata hanya, amma in ban so ba za ta gane. Alamar jami'ar ɓauna ce, kuma a duk wasa akwai ɗalibin da ke shiga cikin rigar ɓauna, mai gashi da ƙaton kai da ƙahoni, yana rawa yana zuga 'yan kallo. Sabon filin yana da tsawo, ana son wanda zai iya ɗaukar tuta ya zaga shi a guje duk lokacin da ƙungiyarmu ta ci. Wanda aka gwada ya suma saboda zafi. Duk wanda ya karɓa, sashen wasanni zai biya masa ragowar karatunsa.

Wato waɗanda suka ce ba su da kuɗin da zan yi musu gudu da fuskata, suna da wanda zan yi musu da kan dabba.

Na sake kiran Baba, don abin ya tsaya mini a rai ta fuskar addini. Ya tambaya ko sujada ake yi wa abin. Na ce a'a. Ya tambaya ko ana ganin fuskata. Na ce a'a. Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi in ba ya so masu gida su ji.

“Ashe tashe ka je yi Amurka. To ka sa. Amma kada uwarka ta ji.”

Kan ɓaunar yana da nauyi, a kafaɗa yake zama, ta bakin ɓaunar kake gani, ta cikin wata raga. Ciki warin gumin duk waɗanda suka riga ka. Doka biyu aka ba ni: ɓauna ba ta magana, kuma ba a sanin wanda ke ciki. Ranar buɗe filin ya cika maƙil, aka yi wasan wuta, aka kunna allon da ya fi gidan sama tsayi. Na fito da tuta na zuba a guje, agara tana ja, jama'a suka ɗauki ihu irin wanda ban taɓa ji ba duk tsawon gudun da na yi a rayuwata. Na isa ƙarshen fili ina haki, ban san ko daɗi nake ji ko baƙin ciki ba.

Bayan 'yan wasanni ɗoki ya kwanta. Ana ta cinye ƙungiyarmu, kujeru suka fara bayyana. Sai aka ce wakilan babban rukuni za su zo su gani da idonsu. Jami'a ta rikice. Aka raba tikiti kyauta, aka yi alkawarin abinci kyauta, aka kwaso 'yan makarantun ƙauyuka a bas-bas, aka aika wa mayanka tikiti a raba wa ma'aikata. Kujerun can sama da aka san ba za su cika ba aka lulluɓe su da tamfol mai hoton ɓauna. Ina cikin shiri daraktan ya leƙo, na riga na sa kan. Ya bubbuga ƙahon ya ce yau ranar ce, in ba su duk abin da nake da shi. Bai tambayi wane ne a ciki ba.

Na ba su. Na yi rawa, na yi tsalle, na yi birgima a ciyawa. An ce in fi yawaita a gaban ɗakin gilashin da baƙin ke zaune, can sama. Da na ɗaga kai na leƙa ta bakin ɓauna sai na ga yawancinsu sun juya wa fili baya, faranti a hannu, suna hira. Ɗaya ne ke fuskantar mu, shi ma wayarsa yake dubawa.

Bayan hutun rabin lokaci aka tura ni cikin 'yan kallo. Ina hawa matakala, gumi yana shiga idona, yara suna ja mini wutsiya, sai na ratsa ta layin ma'aikatan mayanka. Malam Usman yana zaune a bakin layi da farar hularsa, an ba shi wata 'yar tuta ya riƙe ta da kumburarrun yatsunsa, bai san me ake yi a filin ba. Da na zo daidai shi ya dubi ƙafar da nake ja, ya ɗan sunkuyo, bai ɗaga murya ba.

“Sannu da aiki, Hamisu.”

Na wuce ina kaɗa wa jama'a hannu. A cikin kan kuwa hawaye ne ke zuba, kuma ba ta yadda za a yi hannu ya kai ga fuska. Haka na ƙarasa wasan.

Da lokacin sanyi amsa ta zo. Babban rukuni ya ɗauki wasu jami'o'i da ke manyan birane. Sun yaba filinmu ƙwarai, suka ce yana cikin masu kyau da suka gani. Amma gidajen talabijin yawan masu kallo suke saye, mu kuma masara ta fi mutane yawa, ba kuma ginin da zai canza wannan. Wani malaminmu ya ce a aji tun kafin a sa katafila an san haka, ba wanda ya so ya ji ne.

Kafin dusar ƙanƙara ta narke daraktan ya samu aiki a ɗaya daga cikin jami'o'in da aka ɗauka. Kocin ƙwallo ya bi, gwanayen 'yan wasan suka watse. Duk mai ƙafar tafiya ya tafi. Aka bar bashin, da mutanen gari, da irinmu. Aka sake ƙara kuɗin fili a kan ɗalibai. Na sake shiga ɓauna shekara guda, a gaban kujerun da ba kowa, iska tana kaɗa tamfol. Wani lokaci har numfashina nake ji a cikin kan, da muryar mai sayar da gurguru daga ɗaya ɓangaren.

A wannan shekarar Alhaji ya rasu. Magada suka sayar da gidan ga wanda zai yanka shi fuloti-fuloti, aka ba su Baba wa'adi su tashi. Na so in je ko don in taya su ɗaukar kaya. Madam Ruth ta ce bizar da ke fasfona ta ƙare. Zama ba laifi tunda ina karatu, amma in na fita sai na sake neman wata, kuma ba ta da tabbacin za a ba ni. Saura mini zango biyu. Na zauna. Ƙanwata ta turo mini bidiyo ana sare maɗacin ƙofar gida, ga baskwatanmu ba rufi, ana ganin shuɗin fentin ɗakin da na taso a ciki. Duk daren da na yi kewar gida a ƙasar can, wannan ɗakin nake gani. Da na kira Inna ina neman abin faɗa, ita ce ta rarrashe ni, ta ce dama aro ne, an karɓa. Suka kama ɗaki biyu a Kawaji. Baba, da furfurarsa, ya koma dafa wa ma'aikatan wani kamfani abinci a Dakata.

A filin aka yi bikin yaye mu, tunda dole a samo masa amfani. Mu da iyaye da malamai gaba ɗaya kusurwa guda muka cika. Malam Usman ya ɗauki hutun da ba a biyansa ya zo da iyalinsa, su ne dangina. Madam Ruth ta ce doka ta ba ni damar in zauna in yi aiki na ɗan lokaci. Na yi mata godiya na ce ya isa, gida zan koma. Na wanke rigar ɓauna na mayar, mai kula da sito ya duba ƙahonin ya ce ba wanda ya taɓa dawo da ita da tsabta haka.

Malam Usman ne ya kai ni tasha. Muna jiran bas ya ce kakarsa har ta rasu akwai wani ƙullin kaya da ba ta yarda a kwance ba, kullum cewa take ita matafiyiya ce, ta ɗan yada zango ne. Ya murza yatsunsa. Da motar ta iso ya riƙe hannuna.

“Ka gaida mutanen gida. Ka ce musu muna hanya.”

Na isar da saƙon a daren da na sauka, muna zaune a tabarma a tsakar gidan haya a Kawaji. Baba ya ajiye cokalinsa ya ce a kira masa Malam Usman. Suka yi gaisuwa mai tsawo kamar sun shekara da sanin juna. Baba ya yi masa godiya, ya ce ɗaki biyu ne amma tabarma ba ta kaɗan, duk ranar da ya shirya ya taho.

Har yau duk Juma'a suna waya. Baba yakan tambaye shi yaushe, shi kuma yakan ce sai 'yan matan sun gama karatu. Babbar ta samu shiga jami'ar tamu, don ita ce kusa da gida. Malam Usman yana nan a mayanka, ya ƙara awoyin aiki. A cikin abin da yake biya mata duk zango, har da kuɗin filin wasa.